Ciwon Wuya da Kafaɗa: Abin da Allurar Sinawa Ke Iyawa da Abin da Sai Atisaye

A goman ƙarshe na watan azumi, duk wanda ya leƙa shagunan teloli a Birnin Kebbi bayan an sha ruwa zai ga wani motsi da ake maimaitawa daga wannan keke zuwa wancan. Tela zai saki yadin da yake turawa, ya ɗora hannun dama a kafaɗar hagu, ya matse tsokar da ke tsakanin wuya da kafaɗa, ya karkata kai har sai ya ji ƙas, sannan ya koma kan ɗinkinsa. Haka ɗan kabu-kabu yake yi idan ya samu inuwa, haka mai dashen shinkafa a fadamar Argungu yake yi idan ya miƙe, haka ma ma'aikacin da ya wuni a gaban kwamfuta. Da yawa ba sa lissafa abin cikin cuta sai ranar da suka zo sallame salla wuya ya ƙi juyawa, sai an haɗa da ƙirji. Wani ya ce jijiya ce, wani ya ce sanyi ne ya shige shi, wani ya ɗora laifin a kan matashin kai. Ƙididdigar cututtuka ta duniya ta kiyasta cewa mutum miliyan 203 ne suke fama da ciwon wuya a shekarar 2020, kuma mata sun fi maza yawa a cikinsu.

Daga cikin hanyoyin magani da ba na haɗiyar ƙwaya ba, biyu ne masu bincike suka fi ɓata lokaci a kansu, wato atisayen ƙarfafa tsoka da kuma sukar allura irin ta Sinawa, wadda ake kira akufanca. Akan ambace su tare kamar tagwaye, alhali aikinsu a jiki ya sha bamban, hujjar da ke bayan kowanne ma ba nauyi ɗaya ba ce.

Kan babban mutum ya kai nauyin kilo biyar ko kusa da haka, yana zaune a kan ƙasusuwa bakwai da aka jera, tsokoki ne kuma suke riƙe da shi kamar igiyoyin rumfa. Babba a cikinsu ita ce wadda likitoci suke kira tirafiziyos, wadda ta taso daga ƙeya, ta bazu zuwa kafaɗu biyu, ta gangara har tsakiyar baya. Ita ce tela yake matsawa. A ƙarƙashinta akwai wata siririya da ke ɗaga allon kafaɗa, sai kuma wasu ƙanana a gaban ƙashin wuya, can ciki, waɗanda aikinsu daidaita kai ne. Wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya yi lissafi a 2014 cewa idan aka sunkuyar da kai digiri 30, nauyin da wuya yake ɗauka yakan kai kimanin kilo 18, a digiri 60 kuwa kilo 27, wato fiye da jarkar ruwa mai lita 25. Lissafin kwamfuta ne, ba awo a jikin mutane ba, kuma sunkuyawa ita kaɗai ba ta isa ta kawo ciwo ba, domin an halicci wuya ne don ya lanƙwasa. Abin da ke cutarwa shi ne daɗewa a yanayi guda ba tare da tsokar ta samu ko daƙiƙa kaɗan na saki ba.

Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Göran Hägg, ya kawo bayani a 1991 da har yau ake dogara da shi wajen fahimtar wannan. Zaruruwan tsoka ba sa tashi aiki gaba ɗaya. Idan aikin mara nauyi ne, kamar riƙe kan babur ko tura yadi, wasu 'yan ƙananan zaruruwa ne kawai ake kira, kuma kullum su ɗin ne dai. Kamar amarya ce a babban gida, ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya, manyan zaruruwa kuwa suna kwance. Idan haka ta ɗore watanni, wurin yakan yi tauri, ya riƙa zafi idan an danna, wani lokaci a ji wani ɗan ƙulli da ke harba zafi zuwa ƙeya ko gefen kai. Damuwa da ƙarancin barci suna ƙara wa wutar itace, domin mutumin da hankalinsa ba a kwance yake ba kafaɗunsa a ɗage suke wuni bai sani ba. A garuruwan Zamfara da kudancin Kebbi inda mutane suke kwana da kunne ɗaya a buɗe saboda halin tsaro, wannan ba ƙaramin sanadi ba ne.

Kafin a yi zancen kowane magani, dole a tsame ciwon da ba na tsoka ba. Wuyan da ya sanƙare tare da zazzaɓi mai zafi, ciwon kai mai tsanani, amai ko gushewar hankali, na asibiti ne a cikin sa'ar, ba na tausa ba; mutanen wannan yanki ba su manta annobar sanƙarau ta 2017 ba, wadda ta faro daga Zamfara ta ci rayuka fiye da dubu ɗaya a ƙasar nan. Haka nan idan hannu yana mutuwa ko abu yana suɓucewa daga yatsu, ko tafiya ta soma tangaɗi, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa daga babur, ko ya zo da rama da gumin dare irin na tarin fuka, ko kuwa zafin kafaɗar hagu ya zo da nauyin ƙirji da haki. Maɗoran Aliero sun yi suna a kan karaya da targaɗe, amma tsokar da ta gaji ba karaya ba ce, kuma murɗe wuya da ƙarfi ba ya cikin maganinta. Ƙwayoyin kemis irin su dikilofenak da ibufurofen suna rage zafi na 'yan kwanaki, sai dai yawan shan su yana cin ciki yana taɓa ƙoda, tiramadol kuwa kowa ya ga abin da ya yi wa matasa.

Na taɓa gaya wa wata gwaggona da ke kuka da kafaɗa cewa likitocin gashin ƙashi motsa jiki suke ba da shawara. Ta ajiye taɓarya ta dube ni ta ce, "Wane motsa jiki kuma, ɗan nan? Ni da ka wuni bisa turmi?" Tambayarta tana kan hanya, kuma duk wanda zai yi wa manomi ko ɗan dako ko mai surfe zancen atisaye sai ya fara amsa ta. Aikin ƙarfi yana gajiyar da tsoka ne ta fuska ɗaya, na sa'o'i masu yawa, ba hutu, kuma gobe a sake. Atisayen magani akasin haka yake: nauyi ne da aka auna, na mintoci kaɗan, wanda ya isa ya tashi manyan zaruruwan nan da ke kwance, sannan a bar tsokar ta huta kwana ɗaya ta ginu, a ƙara nauyin kaɗan bayan mako biyu ko uku. Idan tsokar ta ƙara ƙarfi, aikin da a da yake cin rabin ƙarfinta sai ya koma cin sulusi, ƙananan zaruruwan su samu masu taya su.

An gwada wannan, ba zato ba ne. A ƙasar Finlan, Jari Ylinen da abokan aikinsa sun raba mata ma'aikatan ofis 180 masu daɗaɗɗen ciwon wuya gida uku, suka bi su shekara guda, suka buga sakamakon a 2003. A cikin waɗanda suka yi atisayen ƙarfi da roba, kashi 73 cikin ɗari ne suka samu babban sauƙi ko ciwon ya tafi gaba ɗaya, waɗanda suka yi atisayen juriya mai sauƙi kashi 59, waɗanda aka bar su da miƙe jiki da shawarar motsa jiki na gama-gari kuwa kashi 21 kacal. A Danmak, Lars Andersen ya samu makamancin haka a 2008 da mata masu ciwon tsokar tirafiziyos, waɗanda suka riƙa ɗaga ƙarfe na minti 20 sau uku a mako har mako goma, yayin da waɗanda aka sa tuƙa keken motsa jiki suka samu sauƙi na ɗan lokaci kawai. Binciken da ya fi burge ni shi ne wanda ya buga a 2011 da mutum 198. Ya ba wasu atisayen roba na minti 12 a rana, wasu na minti biyu rak, kwana biyar a mako, kuma bayan mako goma duka ɓangarorin biyu sun samu ragin ciwo, tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa. Minti biyu bai kai lokacin da ake ɗauka kafin shayi ya huce ba. Wata bita da ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken lafiya, ta yi wa gwaje-gwaje 27 a 2015 ta ƙarfafa wannan, ta kuma nuna cewa miƙe wuya kaɗai, ba tare da ƙarfafa tsoka ba, bai cika tsinana abin kirki ba. Ke nan karkata kan da tela yake yi har ya ji ƙas daɗi ne na nan take.

Kayan aikin ba su wuce abin da ke kowane gida ba. Tsohuwar robar cikin tayar keke ta isa: mutum ya taka tsakiyarta, ya riƙe bakunan biyu, ya ɗaga hannuwa ta gefe, ɗan gaba kaɗan, har su yi daidai da kafaɗa, ya sauke a hankali, ya maimaita har tsokar ta gaji. Wannan shi ne motsin da aka yi amfani da shi a gwajin minti biyun nan. Gorar ruwa biyu da aka cika da yashi suna yin aikin ƙarfe wajen ɗaga kafaɗu sama zuwa kunne, ko jawo hannu baya a sunkuye domin tsokokin da ke tsakanin allunan kafaɗa. Ga ƙananan tsokokin gaban wuya kuwa, a kwanta rigingine a ja haɓa ciki a hankali kamar mai gyaɗa kai, a riƙe daƙiƙa goma, a saki. Nauyin da ya dace shi ne wanda za a iya ɗagawa sau takwas zuwa goma sha biyu kafin hannu ya gaza. Tsamin jiki na kwana ɗaya zuwa uku a makon farko ba alamar lahani ba ce, kuma a nan ne akasarin mutane suke ajiyewa. Amma zafin da ke harbawa zuwa yatsu, ko jiri, ko ciwon da yake ƙaruwa mako bayan mako, dalili ne na tsayawa a nemi sashen gashin ƙashi a ɗaya daga manyan asibitocin Birnin Kebbi ko Gusau.

Labarin allura ya fi wannan sarƙaƙiya. Tushenta a ƙasar Sin yake, kuma littafin likitancinsu da ake kira Huangdi Neijing, wanda ya haura shekara dubu biyu, ya yi bayaninta. A fahimtarsu akwai wani ƙarfin rai da suke kira ci, wanda ke gudana ta manyan hanyoyi goma sha biyu a jiki, ciwo kuma toshewar wannan gudana ne; Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita sunaye da wuraren gurabe 361 da ake sokawa. Allurar siririya ce ƙwarai, kaurinta bai cika wuce kashi ɗaya cikin huɗu na milimita ba, ba ta da rami, ba magani a cikinta, kuma akan bar ta a jiki minti 20 zuwa 30. Yammacin duniya ya waiwaye ta sosai ne a 1971, lokacin da ɗan jaridar Amurka James Reston ya rubuta yadda aka yi masa ita a Bejin don rage zafi bayan tiyatar afendis.

Masu fiɗa ba su ga waɗannan hanyoyi goma sha biyu a jikin mutum ba, amma an gano wasu abubuwan da allurar take yi. Tun 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka bayyana cewa laka tana da wata irin ƙofa da ke tace saƙon zafi kafin ya isa ƙwaƙwalwa, kuma taɓawa ko suka a fata na iya rage buɗewarta. Shi ya sa yaro yake murza inda ya buge. A 1976 kuma Bruce Pomeranz a Kanada ya nuna a jikin ɓeraye cewa idan aka ba da maganin da ke toshe aikin sinadaran kashe zafi na cikin jiki, tasirin allurar yakan ɓace, alamar cewa tana sa jiki ya saki nasa maganin. Akwai kuma wata sukar da likitocin gashin ƙashi suke yi kai tsaye cikin ƙullin tsoka, wadda ba ruwanta da taswirar Sinawa, sau da yawa tsokar takan yi zillo sannan ta saki.

Inda gizo yake saƙa shi ne wajen gwajin allurar bogi. Jamusawa sun yi babban gwaji da mutum 1,162 masu ciwon baya, aka buga a 2007: an soka wa wasu allura a gurabenta na asali, wasu aka soka musu sama-sama a wuraren da ba gurabe ba, wasu kuma aka bar su da maganin asibiti da aka saba. Bayan wata shida, kashi 47.6 na masu allurar gaske sun samu sauƙi, kashi 44.2 na masu ta bogi, kashi 27.4 na masu maganin da aka saba. Mai goyon bayan allura zai ce ga shi ta kusa ninka maganin asibiti. Mai suka zai ce ga shi ko ina aka soka duk ɗaya ne. Dukkansu biyu gaskiya suka faɗa. Wani mai bincike, Andrew Vickers, ya tattara bayanan mutum 17,922 daga gwaje-gwaje 29 a 2012, ciki har da na wuya da kafaɗa, ya ƙara su zuwa 20,827 a 2018, ya samu cewa allurar gaske ta fi ta bogi, amma da tazara 'yar kaɗan, babbar tazarar tana tsakanin wanda aka soka wa da wanda ba a yi wa komai ba. A ganina ma'anar wannan ita ce kaso mai tsoka na amfanin yana fitowa ne daga zaman kansa: a saurare ka, a taɓa inda ke ciwo, ka kwanta shiru rabin sa'a, ka tashi da yaƙinin an yi maka wani abu. Wannan ba abin rainawa ba ne, domin sauƙin da mutum ya ji na gaske ne, amma bai kamata a sayar da shi da sunan sirrin gurabe ba.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan. Wanda wanzami ya kafa wa ƙaho a doron kafaɗa yakan tashi yana cewa jikinsa ya yi sakayau, kuma ba ƙarya yake yi ba; zafin tsaga da jan ƙaho da zaman da aka yi a kansa duk suna taɓa wannan ƙofar ta laka. Amma bayan mako biyu da komawa kan keken ɗinki sai hannu ya sake komawa kafaɗa, saboda tsokar da ta ɗauki aikin ita ce dai ta jiya, ba ta ƙaru da komai ba.

Gwajin da ya fi kusa da batunmu shi ne na Jami'ar York a Ingila, wanda Hugh MacPherson ya jagoranta aka buga a 2015, da mutum 517 masu daɗaɗɗen ciwon wuya. Bayan shekara guda, waɗanda aka yi wa zaman allura har goma sha biyu sun samu ragin kashi 32, waɗanda aka koya wa dabarun zama da motsi kashi 31, masu kulawar da aka saba kuwa kashi 23. Abin lura a nan shi ne masu allurar ba suka kawai suka yi ba, sun haɗa da shawarwarin motsa jiki da hutu, kuma waɗanda suka fi samun sauƙi su ne waɗanda suka ƙara amincewa cewa za su iya kula da ciwonsu da kansu. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ma, a jagoranta na 2021 kan daɗaɗɗen ciwon da ba a ga wata cuta a ƙarƙashinsa ba, ta sa motsa jiki a matsayin abin da za a ba majiyyaci, allura kuwa abin da za a iya dubawa, zango ɗaya tak, wanda bai wuce sa'a biyar na lokacin ma'aikaci ba.

A hannun ƙwararre haɗarin allura kaɗan ne. Wani bincike a Jamus da ya bi mutum 229,230 ya samu cewa kashi 8.6 sun ga wata illa, akasari ɗan jini ko taruwarsa a ƙarƙashin fata, mutum biyu kuma allura ta huda musu huhu. Wannan na ƙarshe ya shafi batunmu kai tsaye, domin ƙololuwar huhu tana hawowa har saman ƙashin da ya gitta daga wuya zuwa kafaɗa, ƙarƙashin daidai wurin da tela yake matsawa, kuma siririn mutum ba shi da naman da zai kare shi. Waɗannan alƙaluma na likitocin Jamus ne masu allurar da ake yarwa bayan amfani ɗaya. A ƙasar nan, inda wani bincike na 2018 ya nuna kashi 8.1 na manya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, allurar da aka ciro daga gwangwani a ranar kasuwa, ko askar da aka yi wa wani tsaga da ita, wani lissafi ne daban. Duk wanda zai miƙa kafaɗarsa, ya ga an yage ledar allurar a gabansa, ya tambayi takardar shaidar mai yi, ya kuma faɗa idan yana shan maganin tsinka jini ko tana da juna biyu.

Hukuncina shi ne allura tana da gurbi ga wanda zafi ya hana shi ko ɗaga hannu, idan ya samu mai yi na ƙwarai kuma aljihunsa zai ɗauka: zama shida zuwa goma sha biyu, domin ciwon ya lafa ya samu damar fara atisaye, idan kuma an yi rabi ba a ga canji ba a tsaya. Mai cewa sai ka riƙa zuwa kowane mako har abada, kasuwarsa yake gyarawa. Atisayen kuwa shi ne ake ci gaba da shi, domin ƙarfin da aka tara yakan zube idan aka daina.

Sai dai a tuna cewa matan da Ylinen da Andersen suka gwada ma'aikatan ofis da masana'antu ne a arewacin Turai, ba masu ɗaukar jarka daga rijiya ko buhun taki mai kilo 50 a ka ba. Ga mai irin wannan aiki, rage lodin yana gaba da komai: a raba ruwan biyu ko a tura shi a baro, a kyautata gammo, a kai surfe inji ranar da kafaɗa ta tashi, tela ya ɗaga kujera ko teburin keke yadda ba sai ya tura wuya gaba ba, ya miƙe tsaye duk rabin sa'a ko da don ya ɗauko zare ne. Gwaggona ba ta daina daka ba, ba kuma za ta daina ba. Ta dai karɓi robar keken da na yanko mata, ta rataye ta a ƙusar da ke bakin ƙofar ɗaki, takan taka ta bayan sallar asuba kafin ta hura wuta, jikokinta suna ƙirga mata.